Tutar da Ta Faɗi Ranar Asabar

Safiyar Litinin a shagon Marvella,
bakin titin da ya ratsa gonakin alkama na Oklahoma.
Gahawa ta huce a kofuna, bakuna ba su huce ba.
Kwana biyu da tashi daga wasan jami'a,
amma ana nan ana buga shi a kan tebur.

Orval Pettibone ya ɗaga kwalbar gishiri:
wannan yaronmu ne, Kendrell, lamba ashirin da uku.
Kwalbar barkono ɗan wancan gefe ne, ya yi tsalle zai cafe ƙwallo.
Ya gwara su. Gishiri ya watse.
"Kafaɗa ya sa! Na rantse kafaɗa!
Wancan ne ya sunkuyo da kai
kamar mai neman kwabon da ya faɗi.
In ka tsuguna gaban mota, direba za a kama?"

Duk mun gani, ai.
Tuta mai ruwan ɗorawa ta tashi, ta sauka kan ciyawa.
Minti shida alƙali na leƙen ɗan allo,
mutum dubu sittin na leƙen ƙeyarsa.
Ya juyo ya ce: saitin kai. Kora.
Yaron ya bi ƙofar 'yan wasa, hular kwano a hannu,
bai waiwayi uwarsa da ke layi na tara ba.

Dewitt Sprague ya ture faranti.
"Ni ba doka nake zagi ba, ma'auni nake zagi.
Makon jiya an daki namu, ƙarfe kan ƙarfe,
har daga ɗakina na ji ƙarar,
tutar ta yi barci a ƙugun alƙali.
Mudu ɗaya, safe ya cika, yamma ya rage?
In haramun ne, ya haramta ga kowa.
In ba haka ba, a ba mu kwabo mu jefa sama,
ya fi arha, ya fi sauri."

Suka juyo gare ni,
don na busa usur shekara goma sha tara
a filayen sakandare, cikin laka da zagin iyaye.
Me zan ce?
Abin da suke ja baya sau goma a talabijin
ni ƙiftawa ɗaya nake samunsa.
Na taɓa jefa tuta kan yaron da bai yi komai ba.
Na taɓa riƙe ta,
aka fita da wani a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.
Ta farkon ake tuna min a kasuwa.
Ta biyun ni kaɗai ke tuna ta, da dare.

Na ce, "Ƙara min gahawa, Marvella."

Ta zo da tsumma, ta tattara gishirin a tafi.
Ba ta ce uffan ba.
Can bakin taga mijinta Harlan ke zaune,
wanda hotonsa ke rataye bisa akwatin kuɗi:
saurayi mai wuya kamar kututture,
zamanin da ake cewa ka sa kai, ka ga taurari, ka tashi.
An yi masa tafi a wannan filin.
Yanzu ita ke ɗaure masa igiyar takalmi.

Orval bai gama ba.
"Sun mai da wasan maza rawar 'yan makaranta,
gobe za su ce a nemi izini kafin a—"

"Wa ya ci?" in ji Harlan.

Karo na uku ke nan tun safe.
Cokali ya tsaya a hannun Dewitt.
Wata babbar mota ta wuce, taga ta girgiza.

Orval ya ajiye kwalbar a hankali.
"Su suka ci, Harlan. Da maki uku."

"Kash," in ji shi. "Alƙalai ne?"

"Alƙalai ne," in ji Orval,
yana kallon gishirin da ya maƙale a yatsunsa.