Ƙafa Ta Riga Allura

Shekara talatin ina duƙe a zaure,
allura a hannu, zare a baki,
ina yi wa rigunan wasu aska tara,
har bayana ya koma lauje.

A Shika likita ya dubi awon jinina,
ya ce, "Malam Ɗalhatu, rabin maganinka
yana cikin takalminka."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Yanzu da an sallame asuba
sai in fice ta Ƙofar Doka,
masu koko ba su gama hura wuta ba.
Gwiwa takan yi ƙorafi har Tudun Wada,
daga nan ta gaji da mita, ta bi ni.

Bashin zare, kuɗin makarantar Uwani,
ina tafe suna tsiyaya
kamar gero a buhun da ɓera ya huda.
Ba biya na yi ba.
Nauyi dai suka rage.

Ran Laraba a kan gadar Kubanni
balbelu suka tashi,
suka tsinke, suka karkace, suka sake haɗewa.
Na tsaya cak.
Zanen da ya ƙi zuwa wuyan riga wata biyu,
ga shi a sama, kyauta.
Na tsinci gawayi na kwafe a tafin hannu,
na juyo da sassarfa kar gumi ya cinye shi.

Maiɗakina ta ce, "Yau kuma me aka tsinto?"
Na buɗe mata hannu.
Ta ce, "Datti."
Na ce, "Jira Juma'a."