Ruwa Cokali Biyu

Ƙarfe uku na dare a Izmir.
Jiragen fito sun kwanta a Konak,
saura ni da na'urori.
Gado na bakwai, Bünyamin,
mai yankan tikiti a tashar jirgin ruwa,
kilo ɗari da sittin da takwas ranar da ya shigo da ƙafarsa.
Shekara tara, in ji shi, bai ga igiyar takalminsa ba,
matarsa ke ɗaurewa, a tsugune, kafin gari ya waye.

An rage tumbin, an bar masa siriri kamar ayaba.
Kowa ya yi barka.
Dare na biyu zuciya ta kama gudu:
ɗari da goma, ɗari da ashirin da shida.
Ba zazzaɓi, ba nishi,
sai kafaɗar hagu da ya ce tana masa tsami.
Na san kafaɗar nan, 'yar aiken ciki ce.
Na ta da likita Oktay daga barcin kujera,
ya ce ko fargaba ce kawai.
Na ce fargaba ba ta hawa daki-daki haka.
Ashe ɗinki ne ke yoyo,
ƙofar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba.

Suka mayar da shi ƙarƙashin fitila.
Ya dawo mini da bututu a maƙogwaro,
inji na numfashi a madadinsa.

Kwana goma sha ɗaya.
Duk awa biyu mu huɗu ke juya shi,
ni ke riƙe kai, ni ke ƙirga,
a uku bayana ya ce ƙas.
Ina bin ninkin fatarsa da auduga,
ƙarƙashin teɓa, bayan gwiwa,
inda gumi ke laɓewa ya ci mutum.
In busar, in shafa, in suturta shi kafin a yaye labule.
Wata ɗaliba ta yi dariya ƙasa-ƙasa.
Ban tanka ba. Na ba ta hannunsa ta riƙe
har ta ji yadda yake damƙe yatsa
in an ambaci sunan 'yarsa.

Feride na zuwa kullum da la'asar
da burodin riɗi mai ɗumi a jakar takarda,
ta kuwa san ba zai ci ba.
Shekara ashirin da shida, ta ce,
da tukunya kaɗai ta iya ce masa ga ni.
Na karɓa na ba masu gadi,
na miƙa mata man shafawa:
ga tafin ƙafarsa, fara daga nan.

Da muka zare bututun
murya ta fito kamar an ja kujera a siminti.
Ruwa, ya ce.
Sai da hoto ya nuna ɗinki ya kama
na kawo ɗan kofin magani, cokali biyu cif.
Kurɓa, kar ka kwankwaɗa, kwata guda gare ka.
Mutumin da ke tashi da faranti shi kaɗai
ya tallafe kofin da hannu biyu, ya lumshe ido.
Can ya ce, ashe ruwa na da ɗanɗano.

Yau da asuba ya taka,
taku goma sha huɗu daga gado zuwa taga,
sandar ƙarin ruwa a hagu, ni a dama,
ina riƙe masa rigar asibiti ta baya.
Jirgin farko ya ɓullo daga Karşıyaka da fitilunsa.
Ya ce wancan ya makara da minti biyu.
Na rubuta: bugu tamanin da huɗu, fitsari isasshe, ya yi tafiya.
Takardar ba ta da gurbin sauran.

Na miƙa aiki, na zare takalmi,
ƙafafuna sun tashi kamar ƙullin da ya kwana.
Gado na uku na ta ƙara,
amma wannan na Aysel ne yanzu.
Jirgin bakwai da rabi zan hau.
Wani yaro ne ke tagar tikiti,
bai ko ɗaga kai ya dubi mutum.