Makullin Ɗaki na Tara

Makullai sha biyu na jera bisa ƙusa,
Kowanne da suna da tutar ƙasa,
Na aika Wunti tun asuba a toya masa,
Ni kuwa ban ko karya kumallo ba.

Wata takwas ina yawo da takarda,
Akanta ya ce sai Magatakarda ya yarda,
Magatakarda yana taro, bai fito ba.

Ƙarfe biyun dare wayata na ƙara,
A Dhaka gari ya waye, Tanbir ya fara:
Akwai sauro a Bauchi? Tambaya har tara,
Na amsa duka, ban ce barci nake ba.

Ran Lahadi Ɗanlami ya shigo Yelwa da mota,
Ga Uwase ta Kigali da jakarta ta fata,
Kwabena na Kumasi na cigiyar wuta,
Lawali ɗan Damagaram bai nemi tafinta ba.

Na ƙirga kawuna, na sake ƙirgawa,
Sha ɗaya. Na leƙa bas ina dubawa.
Makulli na tara na nan yana kaɗawa,
Na Ayen ne, ungozoma daga Juba.

Bizarta na kwance a wata durowa,
Na buga waya har kati na ƙarewa,
"Gobe," suka ce, goben da ba ta wayewa,
Na nemi wanda ya san wani, bai ɗaga ba.

Sati shida ana zana shugabanci a allo,
Ni ina bakin ƙofa, rabi ji, rabi kallo,
Ina auna man janareto, ko zai kai Laraba.

Ran zuwa Gubi ruwan sama ya sauka,
Bas ta zauna daram a cikin laka,
Shugabannin gobe muhawara suka ɗauka:
A ja ta baya, ko a tura ta gaba?

Wata dattijuwa mai dawowa daga gona
Ta aje fartanya, ta ce, "Ku zo nan, 'ya'yana,
Kai kwaso tsakuwa, ke biyo bayana."
Bas ta fita. Ta saɓa fartanya ta wuce,
Ba ta ko karɓi na goro ba.

Kullum dare nakan tura wa Ayen murya,
Abin da aka koyar, ba ƙari, ba ƙarya.
Takan amsa da kukan jariri a baya:
"Yau biyu na karɓa, da fitilar waya a haƙori,
Yi haƙuri, ban samu na ji duka ba."

Ni ma sau uku na cike takardar tafiya,
Fasfona na nan sabo fil a ajiya,
Ko hatimi ɗaya bai taɓa sha ba.

Ranar rufewa aka jeru don hoto,
Magatakarda ya fito, ya karanta rahoto,
Ni na riƙe kyamara, ba a gan ni ciki ba.

Kwabena ya ce a bar gurbi a tsakiya,
Uwase ta ɗaga katin Ayen, ba dariya,
Sha ɗaya suka matsa, kowa ya ba da hanya.
Wannan kam ba ni na sa a jadawali ba.

Sun tafi. Makullai sun dawo kan ƙusa,
Ɗaya ya lanƙwashe, ɗaya na maiƙon masa,
Na tara na sheƙi, hannu bai dusashe shi ba.

Yau da hantsi, kwana goma da watsewa,
Saƙo ya shigo: biza ta samu fitowa.
Na yi dariya har hawaye na zubowa,
Na jawo fayil ɗin baɗi, na buɗe shafin farko,
Ban cire sunanta daga makullin ba.