Talatin da Biyu

Kowace Lahadi, kafin ƙararrawar coci ta kaɗa,
Baldomero kan durƙusa gaban a-kori-kurarmu
da wani ɗan ƙarfe mai kama da biro.
Taya ta fari, tsss. Ta biyu, tsss.
Ni ina bakin taga riƙe da buta,
in ce: tsoho, yau ma gaisuwa ka je kai wa mota?
Ya ce: ke dai zuba ruwan zafi.

Wata goma sha ɗaya ke nan da muka kai shi makwanci.
Na koyi tatsar shanu tara ni kaɗai,
na koyi ciniki da masu kanti,
na koyi kwana a tsakiyar gado.
Ba wanda ya ce mini iska ma guduwa take,
kaɗan-kaɗan, ba sallama,
sanyin Yuli kuma ya zo ya ɗebi rabonsa.

Sitiyari ya yi nauyi, na ce hannu ne ya tsufa.
Fetur ya riƙa ƙarewa tun ban kai Osorno ba,
na zagi gwamnati.
Mota na jan hagu kamar akuyar da ta hango gonar maƙwabci,
na ce ruwan sama ne ya cinye hanya.

Ran Alhamis, a kwanar Puerto Octay,
cuku arba'in a baya,
dutsen nan mai farin kai yana leƙena ta kan tafki,
sai daram!
Sannan falap, falap, falap.

Don Nibaldo mai faci bai yi mini faɗa ba.
Hannuna ya kama, ya ɗora a kan robar.
"Shafa nan, Doña Eduvigis.
Tsakiya da sauran zane,
gefe da gefe kuwa sumul kamar tafin hannu.
Taya in ba ta ƙoshi ba, da kafaɗu take tafiya.
Ta lanƙwashe ta yi zafi, ta yi zafi ta lanƙwashe,
har wayoyin cikinta su gaji da haƙuri."
Ya kifar da ita, baƙin gari ya zubo kamar na gawayi.
"Ba ƙusa ba ce. Ita ta ci kanta."

Ya bi sauran ukun da awo:
sha tara, ashirin, sha bakwai.
Na ce to a yi faci mana.
Ya ce faci na huji ne,
ba ya ɗora haƙarƙarin da ya karye.

Peso dubu saba'in da takwas kowace ɗaya.
Sau huɗu.
Ban iya lissafin kuɗi da sauri ba, sai da cuku:
talatin da tara.
Ɗaya ya rage mini in koma da shi gida.
Rufin ɗakin maruƙa zai ƙara shekara yana yoyo,
takalmin jikata ya jira Disamba.

Yana ƙirga takardun, bai ɗago ba, ya ce:
"Iskar fa kyauta ce a gidan mai."
Wannan ta fi kuɗin ciwo.

Da na iso, na buɗe aljihun mota in ajiye rasit,
sai ga ɗan ƙarfen naɗe a tsumma,
da guntuwar takarda, rubutun nan nasa mai gangara:
32 gaba. 36 baya, in da kaya.
Da safe, kafin ta yi zafi.
Bai sa suna ba. Ban san wa ya rubuta wa ba,
mutumin da bai taɓa manta lamba ba.

Lahadin nan na durƙusa.
Gwiwa ta yi ƙara, laka ta jiƙe mini siket.
Murfin ya ƙi buɗewa, sai da haƙori.
Tsss.
Na waiga, ba kowa a taga.
Na kai ƙarfen kusa da ido:
talatin da biyu.

Na ja gwiwa zuwa ta gaba.