Bargon Kanti

La'asar sakaliya na sauka a bakin titi,
da bargo sabo a hammata, cikin jakarsa mai zif.
Daga albashin farko na saye shi a Kwari,
ban ko tsaya taya ba.

Inna Hansai na ƙofar ɗaki bisa tabarma,
ta tsotsi bakin zare, tana laluben kafar allura.
Ta shafa bargon, ta sa albarka har sau uku,
ta ce, "Laushi sai ka ce cikin kyanwa."
Sai ta ninke shi, ta danna ƙasan adaka,
ta ɗora kwalla a kai.
Jakar kuwa ta ɗaga ta a rana,
ta ja zif, ta mayar, ta sake ja,
ta ce, "Yau ɓera ya shiga uku."
Kafin magariba ta cika ta da ƙyallaye.

Ƙyallayen Talle tela ne.
Duk ran kasuwar Gujungu
takan aika masa ƙullin daddawa,
shi kuma ya share mata ƙarƙashin kekensa:
kunnen atamfa, wutsiyar shadda,
gefen yadin da mai shi ya manta.
Abin da almakashi ya rage,
shi ne tuwon allurarta.

Suwaitar gwanjon Baba ma ba ta tsira ba.
Da gwiwar hannu ta huje, Inna ta warware ta,
ta jiƙa ulun, ta shanya a danga,
ta naɗe shi a totuwa.
Da kwarashi ta fitar da hula biyu
da safar jaririn Uwale.
Ragowar na nan a bakin buhun gero.

Da dare ruwa ya goce.
Sanyi ya biyo ta ƙasan ƙyaure.
Na ɗauka za ta buɗe adaka.
Sai na ji ta jefo min mai nauyin nan,
mai ƙanshin hayaƙin kara da man kaɗanya,
wanda ta fara tun ban iya ɗaura wando ba,
har yau ba ta ce ta gama ba.

Na haska fitilar waya.
Ga aljihun rigata ta firamare,
tawadar da ta ja min bulala ba ta fita ba.
Ga gwiwar wandon noman Baba,
faci a kan faci.
Ga majanyin da ya goye mu mu shida,
biyar muka sauka da ƙafarmu.
Cikinsa buhun gishiri ne, an wanke har ya yi laushi,
rubutun kamfani a kife.

A tsakiya ɗinkin ƙanana ne, a jere,
kamar sahun tururuwa.
Can wajen baki ya fara faɗi,
yana karkata, yana tsallake layi.
Na bi shi da yatsa har na gane
shekarar da idonta ya fara hazo.
Na kashe fitila.

Da safe, kafin koko ya huce,
ta miƙo min gwangwanin allurai.
"Zura min duka. Yaran nan ba sa zama."
Na zura tara, kowace da doguwar wutsiya,
ta soke su a jikin zana inda hannunta ke kaiwa.
Ta ce za su kai ta kaka, in ta yi tattali.

Na ce, "Inna, bargon fa?"
Ta ce, "Na baƙi ne."
Ta rako ni har bakin rijiya,
ta kama hannun rigata, ta murza tsakanin yatsu biyu,
ta ce, "Yadin nan da kyau.
In ta mutu, kada ka ba kowa."