Gawayin Ɓuntu

Shekara arba'in hannuna na cikin karofi,
aikina in sa zane ya riƙe launi har ya tsufa.
Abin da ya rage, jan galura da dagwalon shuni,
sai in tuttula a kwata, in ba shi baya.
Kwata ta san hanya: ta ratsa bayan majema,
ta yi guzurin wari, ta gangara Rima,
inda masu albasa ke jiran ta da injin ban-ruwa.
Ban taɓa bin ta ba.
Wa ke bin sawun abin da ya zubar?

Sai Tumba, ɗiyar ƙanena,
wadda ke karatu can wajen Dundaye,
ta zo ran Laraba da buhu a kai.
Na ce tsaraba ce. Na kwance: ɓuntun shinkafa!
Daga Kwalkwalawa ta kwaso shi, bayan injin casa,
tulin da ko akuya sai ta shinshina ta wuce.
Ta haɗa da ɓawon gyaɗa, ɗan kaɗan,
ta cusa a tukunya, ta liƙe baki da laka,
ta ce wuta ta gasa, kada iska ya leƙa.

Da safe baƙi ƙirin.
Ta daka a turmin Inno, Inno na ta mita,
ta huda gindin tsohon tulu,
yashi a ƙasa, gawayi a bisa,
ta ɗebi ruwan kwatata, ja kamar na mahauta,
ta zuba. Munka zauna.

Ɗigo na fari ya yi nawa.
Na biyu ya faɗo a kwano, tas, kamar hawaye.
Na kai baki, ta riƙe min hannu:
"Baba, ba na sha ba ne tukuna, da sauran gwaji.
Amma kifi zai gode."

Na ce, to launin fa, ina ya shiga?
Ta ce kowace ƙwaya tana da ɗakuna
fiye da rumfunan babbar kasuwa,
baƙo ya shiga, ba ya fita.
In sun cika, a kwashe, a binne nesa da rijiya,
a sake gasa wani. Ɓuntu ba ya ƙarewa
muddin Sakkwatawa na cin tuwo.

Na yi shiru.
Ni na ƙare ƙuruciya ina roƙon launi ya kama,
ita da shara ta sa shi ya saki.

Yanzu tulu uku ke bakin kwatata.
Maƙwabcina Jaɓɓi ya yi dariya kwana tara,
ran na goma ya aiko yaro aron tukunya.

Jiya na miƙa mata tafina,
shuɗi har ƙarƙashin farce.
Na ce, akwai gawayin wanga?
Ta juya hannun, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, "Wannan bar shi, Baba.
Shi ya biya min kuɗin makaranta."