Littafin Kiran Suna

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli a Garwa.
Ga littattafan kiran suna nan, gara ta ci gefensu.
A gaban kowane suna na saba rubuta
abin da yaro ya ce zai zama.

Farkon zuwana auduga ce ke mulki.
Rabin aji malaman gona, rabi masu gyaran injin gurza.
Nafi'u ɗan unguwar Yelwa ya kwance agogon babansa
don ya ga inda lokaci yake kwana.
Ya sha bulala, bai daina ba.

Sai aka ce an ja bututun mai daga Doba.
Ranar nan har wanda lissafi ke kora
ya ce shi ilimin duwatsu zai karanta.
Benci ya yi kaɗan, aka zauna huɗu-huɗu,
tagar ɗakin gwaji ma ta yi kunnuwa.
Mai ya wuce abinsa ta ƙarƙashin ƙasa,
ko sallama bai yi mana ba.
Bappa, wanda ya fi su duka,
yana sayar da fetur a kwalba a bakin gadar Binuwai.
In na tsaya ba ya karɓar kuɗina,
shi ya sa na canza hanya.

Daga nan waya ta shigo aljihu, aka watse.
Wasu kwamfuta, wasu kasuwa,
wasu duk hanyar da ta fi kusa da albashi.
Shekarar da na koyar da mutum bakwai
ina jin muryata na dawo mini daga bango.
Ma'aunin zafi ya fashe, ba wanda ya tambaya.

Bara, bayan ruwa ya ci unguwarsu,
Tasalla ta zo da laka a bakin zanenta,
ta ce, "Malam, wa ke lissafa nauyin kogi?"
Na ce rabin amsar kawai na sani.
Ta ja kujera, ta zauna a gaba.
Bana su sha tara ne, sha ɗaya mata.
Wannan na zancen madatsar ruwa, waccan farantin sola,
wani siriri a baya yana son sanin
abin da ke cin masarar kakarsa tun tana tsaye.

Ban ce sun dawo ba.
Ruwa ba ya tsami banza,
kuma kowane zango da irin ƙishirwarsa.

Watan gobe zan miƙa makulli.
Na bar wa mai zuwa farin shafi a aljihun tebur,
da fensir. Biro na tafi da shi.